Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Tsokaci Kan Kyautar Mataimakiyar Jaruma A Talbijin

Mai karatu, duk lokacin da aka yi bikin raba kyaututtuka ga 'yan wasa, tambayar farko da ke fitowa daga bakin 'yan kallo ita ce, "Wa ta ci gwarzuwar jaruma?" Hotonta ne zai hau bangon mujalla, rigar da ta sa ita za a kwana ana musu a kai. Ita kuwa wadda ta ci kyautar mataimakiyar jaruma, sau da yawa tun farkon dare ake kiran sunanta, lokacin da manyan baƙi ba su gama zama ba, a tafa mata sama-sama a wuce. Da yawanmu mun ɗauki wannan kyauta a matsayin ta lallashi, wato irin wadda ake ba mutum don kada ya koma gida hannu rabbana.

Ni dai ban yarda da wannan fahimta ba, musamman in ana maganar wasan talbijin mai dogon zango. A ganina, in kana son ka gane ko alƙalan biki sun san aikinsu, kada ka duba wadda suka ba kambun jaruma, don wannan ko makaho ya san inda zai faɗa. Duba wadda suka zaɓa a mataimakiya. Nan ne ake gane masu kallon wasa da masu kallon fasta. Kuma tunda yanzu harkar fim ɗinmu ta Hausa kusan duk ta koma shiri mai dogon zango, ya kamata mu leƙa inda suka shekara 70 suna ba da wannan kyauta, mu ga abin da suka yi daidai da inda suka kwafsa.

Fim daban, talbijin daban

Bari mu fara da dalilin da ya sa na ware talbijin. Fim na awa biyu yana iya tsayawa a kan mutum biyu, yaro da yarinya. Su haɗu, su so juna, a raba su, su sake haɗuwa, a tashi. Amma shirin da za a riƙa nunawa duk mako har shekara biyar ko tara, soyayyar mutum biyu ba za ta riƙe shi ba. Dole a sami gida, a sami maƙwabta, a sami uwar miji, a sami ƙawar da ke kai gulma, a sami 'yar aikin da ta san sirrin kowa. Waɗannan su ne duwatsun murhu. Jaruma tukunya ce, kowa ita yake kallo, amma cire dutse ɗaya ka ga yadda miya za ta kife.

Kai da kake karanta littattafan soyayya ka fi kowa sanin haka. Ɗauki littafi mai kashi uku ko huɗu da ka taɓa kwana a kansa. Yarinyar labarin yawanci kyakkyawa ce, mai haƙuri, mai ladabi, kuma in ka yi gaskiya, kusan duk kamarsu ɗaya. Wadda ta hana ka ajiye littafin ita ce kishiyar nan mai makirci, ko kakar da ta kafe sai an yi auren zumunci, ko gwaggon da ke zuwa da shawarar banza. Da su labari yake motsi. Haka ma a finafinan Indiya da muka tashi da su: ba a manta Nirupa Roy a matsayin uwar da ke shan wahala ba, ba a kuma manta Lalita Pawar a matsayin muguwar uwar miji ba, alhali da yawa daga 'yan matan da suka yi rawa a finafinan nan sunayensu sun ɓace.

Akwai kuma wahalar aikin kansa. Jaruma tana da fitowa 20 a kashi ɗaya, in ta yi sanyi a guda uku, sauran za su rufa mata asiri. Mataimakiya wani lokaci fitowa biyu take da ita, minti huɗu gaba ɗaya. A cikin minti huɗun nan dole ta sa ka yarda cewa matar nan tana da tarihi, tana da abin da take tsoro, tana da dalilin da ya sa take abin da take yi. Sannan kada ta danne jaruma, don in ta danne ta, ta ɓata wasan. Wannan aiki ne na mai sa gishiri a miya: in ya yi daidai ba wanda zai yi zancensa, in ya gaza ko ya zarce kowa zai tofa.

Inda abin ya samo asali

Babbar kyautar talbijin a Amurka ita ce Emmy, wadda aka fara bayarwa a watan Janairu 1949 a birnin Los Angeles. Sai a bikin 1954 aka buɗe gurbin mataimakiyar jaruma, kuma wadda ta fara cin sa ita ce Vivian Vance, saboda rol ɗin Ethel Mertz a wasan barkwanci mai suna I Love Lucy. Ethel ita ce matar mai gidan hayar da Lucy ke zaune, kuma aminiyarta wadda ake jan ta cikin kowace irin wauta.

Labarin Vance kaɗai ya isa ya nuna maka halin da mataimakiya take ciki tun daga tushe. Tsakaninta da jarumar wasan, Lucille Ball, shekara biyu ce kacal. Amma aka haɗa ta da miji, William Frawley, wanda ya girme ta da shekara 22, aka riƙa sa mata tufafin da za su tsofar da ita, don hasken jaruma ya fi fitowa. Ka ji fa. An rage mata kyau da gangan, amma duk wanda ya kalli wasan ya san dariyar da Lucy ke bayarwa rabinta daga fuskar Ethel take fitowa, yadda take zare ido tana kallon ƙawarta na shirin jefa su cikin masifa.

Abu mai muhimmanci game da Emmy shi ne masu zaɓen. Ba 'yan kallo ke jefa ƙuri'a ba. Ƙungiyar ma'aikatan talbijin ce mai mambobi sama da 20,000, kuma a gurbin wasa, 'yan wasa ne ke zaɓar 'yan'uwansu. Wanda ya san zafin tsayuwa gaban kyamara shi ke auna wanda ya tsaya. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Abin da ya fi burge ni a tarihin wannan kyauta shi ne irin matan da suka shigo ta nan lokacin da aka rufe masu babbar ƙofa. A 1970, Gail Fisher ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Emmy a fagen wasa. Me ta fito? Sakatariya. A shirin Mannix ita ce Peggy Fair, bazawarar ɗan sanda mai ɗa ɗaya, wadda ke kula da ofishin wani mai binciken laifi farar fata. A Amurkar wancan lokaci, wannan ne iyakar inda za a bar baƙar mace ta kai. To sai ta ɗauki ɗan wurin da aka ba ta ta cika shi taf.

Yanzu lissafa. Daga 1970 sai da aka yi shekara 45 kafin baƙar mace ta ci kyautar babbar jaruma a shirin dirama mai dogon zango, wato Viola Davis a 2015. A jawabinta na wannan dare ta faɗi maganar da ta zaga duniya, cewa ba yadda za a yi mutum ya ci kyauta a kan rol ɗin da babu shi. A ɓangaren barkwanci ma haka abin yake. Jackée Harry ta ci mataimakiya a 1987 da shirin 227, daga nan aka yi shiru na shekara 35, sai a 2022 Sheryl Lee Ralph ta ci da rol ɗin tsohuwar malamar firamare a Abbott Elementary, tana da shekara 65.

'Ya'yan Nijeriya ma ta wannan ƙofa suka shiga. Uzo Aduba, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ta ci kyautar mataimakiya a 2015 da rol ɗin wata fursuna mai taɓin hankali a Orange Is the New Black, ta sake ci a 2020 da ta fito a matsayin 'yar siyasar nan Shirley Chisholm a Mrs. America. Ayo Edebiri, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta ci nata a Janairun 2024 da shirin The Bear, inda ta fito a matashiyar kuku.

Wannan abin alfahari ne, amma kada farin ciki ya rufe mana ido. In ka ga wasu irin mata kullum a gurbin mataimakiya ake samun su, shekara da shekaru, to kyautar tana faɗa maka abu biyu lokaci guda: ga gwanaye nan, kuma ga inda aka tsare su.

Gurbin iyaye mata

Haka zancen yake in ka koma kan shekaru. A Holiwud, kamar yadda yake a Kano, namiji yana iya kai shekara 50 yana fitowa saurayi, mace kuwa da ta haura 35 sai a miƙa mata zani da mayafi a ce ta zama uwa. Gurbin mataimakiya shi ne kusan kaɗai wurin da ake tunawa da irin waɗannan mata.

Ɗauki Doris Roberts. A shirin Everybody Loves Raymond, wanda aka yi daga 1996 zuwa 2005, ita ce Marie, uwar mijin da gidanta ke tsallaken titi, wadda ke faɗowa gidan ɗanta ba sallama, ta buɗe tukunyar surukarta ta yatsina fuska. Wace Bahaushiya ce ba ta san wannan mata ba? Roberts ta ci Emmy sau huɗu da wannan rol, a 2001, 2002, 2003 da 2005, duk bayan ta haura shekara 75. Sirrin wasanta shi ne ba ta taɓa wasa Marie a matsayin muguwa ba. Ta wasa ta a matsayin uwar da ta yi imani har zuciyarta cewa taimako take yi. Shi ya sa kana jin haushinta kana kuma tausaya mata. A 2002 Roberts ta je har gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ta yi ƙorafi kan yadda masana'antar ke watsar da 'yan wasa in sun manyanta.

Ga kuma Maggie Smith ta Ingila, wadda ta rasu a 2024 tana da shekara 89. A Downton Abbey ita ce kakar gidan sarauta, tsohuwa mai sanda da kaifin harshe. Ba ta da fitowa da yawa. Sau tari tana zaune ne a kujera, ta jefa magana ɗaya, a wuce. Amma washegari maganar tata ce a bakin mutane. Ta ci Emmy sau uku da wannan rol, a 2011, 2012 da 2016. Shirin cike yake da 'yan mata kyawawa da labaran soyayyarsu, amma tambayi duk wanda ya kalla wa ya fi tunawa.

Inda aka fara kwafsawa

To, yabon ya isa haka. Akwai aibi biyu da suka daɗe suna cin wannan kyauta, kuma su ne ya kamata mu fi lura da su.

Na farko, wace ce mataimakiya? A Emmy, 'yar wasa da kamfaninta su ke zaɓar gurbin da za su shiga. Akwai ƙa'ida kan baƙuwar fitowa, wato wadda ba ta kai rabin kashe-kashen zangon ba, amma tsakanin jaruma da mataimakiya an bar wa mutum ya auna kansa. Me kake tsammani zai faru? Wadda ta ga takarar manya ta yi zafi sai ta sauko gurbin ƙanana. Tana da fitowa 15 a kowane kashi, an rubuta mata kuka da faɗa da dogon jawabi, ta zo tana takara da wadda minti huɗu aka ba ta. Wannan kamar a sa ɗan damben da ya yi suna ne ya kara da yaran da ke share fage.

Anna Gunn gwana ce, ba musu. Amma a Breaking Bad ita ce matar jarumin, babu wata mace da ta kai ta muhimmanci a shirin, duk da haka a gurbin mataimakiya ta ci a 2013 da 2014. 'Yan wasan Friends su shida sun shekara da yawa suna shiga a matsayin mataimaka, alhali babu wani jarumi a shirin in ba su ba. Akwai masu yin abin da ya dace. Allison Janney ta ci mataimakiya sau biyu da The West Wing, a 2000 da 2001, da ta ga rol ɗinta ya girma sai ta hau gurbin jaruma, ta kuma ci a 2002 da 2004. Ayo Edebiri ma bayan ta ci nata, shekarar da ta biyo ta koma takarar manya. Amma wannan halin kirki ne na mutum, ba doka ce ta tilasta ba.

Sannan ga cunkoso. A 2019, cikin mata shida da suka fito takarar mataimakiya a dirama, huɗu daga Game of Thrones suke. Ɗayarsu, Gwendoline Christie, kamfanin bai ma sa sunanta ba, ita ta biya dala 225 ta shigar da kanta. A ƙarshe duk huɗun suka faɗi, Julia Garner ta shirin Ozark ta ɗauka. A bikin Janairun 2024 kuwa, cikin takwas, biyar daga The White Lotus suke. Wannan yana nuna maka cewa masu zaɓen ma ba komai suke kallo ba. Shirin da ya yi tashe shi suke bi, su kwashe duk wanda ke ciki. Ita kuwa gwanar da ke wani ƙaramin shiri da ba shi da kuɗin talla, ko sunanta ba za a ji ba.

Hawaye da mugunta

Aibi na biyu ya fi na farko zurfi, don ya shafi irin wasan da alƙalai ke ɗauka a matsayin gwaninta.

A Ingila, kyautar BAFTA ta talbijin ba ta ware gurbin mataimakiyar jaruma ba sai a 2010. A 2017 wadda ta ci ita ce Wunmi Mosaku, kuma zai ba ka sha'awa ka ji cewa a Zariya aka haife ta a 1986, kafin iyayenta su tafi da ita Manchester tana jaririya. Ta ci ne da fim ɗin talbijin na BBC mai suna Damilola, Our Loved Boy, inda ta fito a matsayin Gloria Taylor, mahaifiyar Damilola, yaron nan ɗan Nijeriya mai shekara 10 da aka kashe a unguwar Peckham ta Landan a Nuwamban 2000. Wasan Mosaku ya cancanci kyauta. Ba ta yi ta birgima tana kururuwa ba. Ta nuna macen da ke ƙoƙarin riƙe sauran 'ya'yanta da mijinta alhali ita kanta ta rushe daga ciki.

Bayan shekara huɗu, a 2021, Rakie Ayola ta ci wannan kyauta da fim ɗin Anthony. Me ta fito? Gee Walker, mahaifiyar wani saurayi baƙar fata da aka kashe a kusa da Liverpool a 2005. Ita ma ta yi wasa na gaske. Amma mai karatu, ba ka ga wani abu ba? Baƙaƙen mata biyu, kyauta ɗaya, rol iri ɗaya: uwar da aka kashe wa ɗa. Laifin ba na 'yan wasan ba ne. Tambayar tana kan marubuta da alƙalai: sai mace ta binne ɗanta ne za a ga gwanintarta? Kuka yana da saurin kama zuciya, shi ya sa alƙali malalaci yake fakewa da shi. Amma sa mutum dariya, ko sa shi ya tsane ka har ya kasa barci, ba su fi kuka sauƙi ba.

Wannan ya kawo mu kan muguwa. Na ambaci Anna Gunn ɗazu. A Breaking Bad mijinta malamin makaranta ne da ya koma haɗa miyagun ƙwayoyi yana kashe mutane, ita kuma tana ƙoƙarin taka masa burki. Amma 'yan kallo suka bar mai kisan suka tsani matar, har tsanar ta tsallaka daga Skyler ta labari zuwa ita Gunn ɗin kanta, abin da ya sa ta yi rubutu a jaridar New York Times a 2013 tana kokawa. Da ƙuri'ar 'yan kallo ake bi, da ko kusa ba za ta ci komai ba. Abokan sana'arta ne suka gane cewa wannan tsanar ita ce shaidar aikin ya yi.

Nan ne amfanin abin da na ce ka riƙe. Ɗan kallo yana zaɓar wadda yake so ne, ba wadda ta fi iyawa ba. Kyautar AMVCA da ake yi a Legas tun 2013 ta shekara da shekaru tana barin gurabun wasa a hannun masu jefa ƙuri'a, wanda hakan ke nufin mai yawan mabiya ita ke da rinjaye. A 2024 masu shirya bikin suka mayar da gurabun hannun alƙalai, kuma a shekarar Genoveva Umeh ta ci mataimakiya da Breath of Life, a 2025 kuma Mercy Aigbe ta ci. Ko ka yarda da zaɓin ko ba ka yarda ba, matakin daidai ne.

Mu dawo gida

Wasan talbijin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kafin kaset ɗin bidiyo, da su Samanja da Karkuzu da Ƙarambana muka tashi. Tun da aka buɗe Arewa24 a 2014, ga kuma YouTube, sai muka sake komawa gidan jiya: Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Gidan Badamasi, Labarina, Izzar So da sauransu. Duk wanda ke bin waɗannan shirye-shirye ya san ba soyayyar yaro da yarinya kaɗai ke dawo da shi duk mako ba. Iyayen nan ne, da kishiyoyi, da maƙwabta.

To me muka yi wa matan da suka riƙe mana wannan gurbi? Hajiya Amina Garba, wato Mama Dumba, ta rasu a 2010. A'isha Ɗankano a 2016. Hauwa Maina a 2018. Hajiya Binta Ƙofar Soro a 2019. Zainab Booth a 2021. Saratu Giɗaɗo, Daso, a watan Afrilu 2024. Allah ya jiƙansu da rahama. Kowace a cikinsu, ranar da ta rasu ne aka cika waya da hotunanta ana cewa an yi rashin da ba za a maye ba. Daso ta shekara sama da 20 tana ɗaukar rol ɗin masifaffiya, wanda 'yan mata da yawa ke gudu don kada a tsane su. Da ita aka gina jarumai nawa? Yarinya ba ta zama abar tausayi sai an sami wadda za ta gallaza mata, kuma ta gallaza mata yadda za ka yarda.

Ba a manta da ƙurar da ta tashi a 2022 ba, lokacin da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa 'yan dubban da ba su taka kara sun karya ba ake sallamarta da su in ta yi aiki. Wasu furodusoshi sun fito sun musa, sun faɗi abin da suka ce sun biya ta, aka yi ta cacar baki. Ba na nan don in raba wannan gardama. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, dattijuwar da ta ba wa sana'a rayuwarta tana lissafin ladanta ne da fitowa ɗaya-ɗaya, kamar 'yar ƙwadago.

Wani zai ce, to kyauta za a ci? Ai kuwa tana da alaƙa da tuwo. Kyauta ita ce ke ba ɗan wasa bakin cewa farashina ya ƙaru. Ita ce ke sa marubuci ya zauna ya rubuta wa uwa rol mai nama, maimakon "Allah ya yi miki albarka, tashi ki je." Ita ce ke sa darakta ya kira wance da sunanta, maimakon ya ce a samo masa wata tsohuwa.

Saboda haka ga shawarata ga duk masu shirya bikin karrama 'yan wasanmu. Ku ware wa shiri mai dogon zango gurabunsa daban da na fim, don aikin ba ɗaya ba ne. Ku rubuta ƙa'ida a fili kan wace ce mataimakiya, ku ƙirga fitowa in ta kama, don kada jarumar da ta ji tsoron takara ta sauko ta ƙwace na ƙanana. Kada ku mai da gurbin wurin lallashin yarinya mai tasowa da ake son a tallata. In ita kuke son karramawa, ga gurbin sabuwar fuska nan. Ku ba alƙalan da suka san wasa, waɗanda za su zauna su kalli zangon gaba ɗaya, su yanke hukunci, a bar wa 'yan kallo gurbin farin jini su yi ta jefa ƙuri'arsu. Kuma alƙalan su tuna cewa mai sa dariya da mai sa tsana 'yan takara ne daidai da mai sa kuka.

Kai kuma mai karatu, kana da naka aikin. In ka zauna kallon shirinka na wannan mako, ɗan ɗauke ido daga kan jaruma na minti ɗaya. Dubi matar da ke bayanta, wadda ba ita ke magana ba. Dubi abin da take yi da hannunta, da yadda take sauraro. In ta burge ka, jira sunaye su fito a ƙarshe ka nemi sunanta na gaskiya, ka riƙe shi, ka faɗe shi tun tana da rai tana ji.